Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Albarkatun Ruwa Kan Kogunan Da Muka Haɗa Da Nijar

Zuwa ga
Mai Girma Ministan Albarkatun Ruwa da Tsaftar Muhalli,
Tarayyar Najeriya,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

  

Ni mutumin bakin iyaka ne daga ƙasar Katsina, inda da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a Maraɗi ko Madarunfa ko Ɗan Isa. Ba tarbiyyarmu ba ce mu yi wa babba magana a bainar jama'a. Sai dai maganar da zan yi an daɗe ana yin ta a inda ya kamata. Manoman rani sun faɗa wa masu unguwanni, masu unguwanni sun kai wa dagatai da hakimai, ƙungiyoyin masunta da makiyaya sun koka a gidajen rediyo, masana sun cika takardun taron bita da ita. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, kuka yana nan inda yake. Shi ya sa na kawo ta fili. Idan harshena ya yi kaifi a wani wuri, ka yi mini afuwa, ba raini ba ne.

Mai girma Minista, maganar guda ɗaya ce. Tsakaninmu da Nijar akwai iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500, kuma koguna suna ratsa ta ta kowace fuska. A wani kogin mu ne a sama, su suna ƙasa. A wani kuma su ne a sama, mu muna jiran abin da suka bari. Duk wanda ya toshe wa ɗan'uwansa a nan, akwai inda za a toshe masa a can. Magabatanka sun gane haka tun da wuri. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, mai hedikwata a Yamai. A ranar 18 ga Yuli, 1990 kuma aka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwa bisa adalci, aka yi mata gyara a Sakkwato a 1998. Yarjejeniyar ta ambaci kwaruruka huɗu da sunansu: Majiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙasan kogin Komadugu-Yobe. Ta ce kowace ƙasa tana da rabonta. Ta ce a riƙa auna ruwa ana musayar bayanai. Ta ce kada wata ta fara aikin da zai taɓa kogin sai ta sanar da ɗayar an yi shawara. Ta kuma tanadi kwamitin dindindin na masana ruwa daga ɓangarorin biyu.

Saboda haka ban zo neman sabuwar doka ba. Na zo tambayar inda waccan ta kwana. Ga abin da muke gani a bakin koguna, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, Gulbin Maraɗi.

Kogin Gada a ƙasar Katsina yake tasowa. Ya wuce Jibiya, ya tsallaka iyaka, sai sunansa ya koma Gulbin Maraɗi. Ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya bi ta gefen Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya karyo kwana ya dawo Najeriya ta wajen Sabon Birni, ya faɗa kogin Rima. A cikin wannan kwari ne Katsinawan da suka yi hijira bayan jihadi suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tibiri. Albarkar gulbin ce ta zaunar da su. Dattawan wurin suna ba da labarin yadda ruwa kan malale fadama da damina ya bar laka, idan ya janye a shuka taba da rogo da dankali da tumatir, kuma rijiya ba ta wuce gaba biyu ko uku, ana ɗiba da jigo.

A ƙarshen shekarun 1980 aka gina madatsar Jibiya, wadda za ta iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 142. Ba na ɗora mata dukkan laifi. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya yi tasa ɓarnar, yawan jama'a ma ya yi tasa. Amma wanda duk ya san kwarin ya san cewa tun daga lokacin kwanakin da gulbi ke gudu suka ragu, malalar fadama ta ja baya, ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa. Je ka garkar wani manomi da rani ka gani. Rijiyar da ubansa ya haƙa ta zama rami, ya sake haƙa wani ramin a cikinta ya saukar da injin ban-ruwa ƙasa don tiyo ya kai ga ruwa, yana sayen mai da kwalba, yana lissafin ko albasar za ta mayar da kuɗin man. Wanda ba shi da halin injin ya jinginar da garkar ya tafi ci-rani.

Abin da ya fi ciwo, ranka ya daɗe, shi ne ruwan da aka tare mu ma bai amfane mu yadda aka yi alkawari ba. An tsara madatsar za ta shayar da fili sama da hekta 3,000, amma mafi yawan filin sai an tura masa ruwa da manyan injuna, injuna kuma sai da mai ko wuta. Shekaru da dama yawancin magudanan suna bushe, ruwa yana kwance rana tana shan rabonta. Manomin Jibiya bai samu ba, na Madarunfa bai samu ba. Kuma tunda gulbin yana komawa kogin Rima, abin da aka hana Maraɗi an hana Sabon Birni, an rage wa madatsar Goronyo, wadda birnin Sakkwato ke dogaro da ita wajen ruwan sha. A 2018 duk mun ga hotunan Goronyo ta kusa ƙafewa. Wannan kogi ne da muke sama a kansa kuma muke ƙasa a kansa a lokaci guda.

Na biyu, Majiya da tafkin Kalmalo.

Don kada a ce na zo yi wa Nijar lauya, ga inda mu ne ke kuka. Kwarin Majiya daga tuddan Adar yake gangarowa a jihar Tawa. Ya bi ta yankin Galmi, garin da albasarsa ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, ya wuce Birnin Ƙonni, ya ƙare a tafkin Kalmalo kusa da Illela a jihar Sakkwato. Nijar ta gina madatsun Mozage da Zango a kan wannan kwari don shayar da gandun noman rani na Ƙonni. Haƙƙinta ne ta ciyar da mutanenta. Amma Kalmalo, da yake tafki ne na kifi da alkama da albasa da mashayar dabbobi, ya ja baya, har akwai shekarun da ya ƙafe. Aikin noman rani da gwamnati ta kafa a bakinsa ya durƙushe, masunta suka rataye komarsu ko suka bi wasu ruwaye.

Ka ga ke nan kukan mutumin Kalmalo da na mutumin Tibiri iri ɗaya ne, sunan madatsar ne kawai ya bambanta. A nan ne damar take. Wakilin Najeriya da zai zauna da na Nijar ba da hannu wofi zai je ba, ba kuma roƙo zai je yi ba. Yana da Jibiya a hannunsa, su suna da Mozage a nasu. A ce ga abin da za mu saki a wata kaza, ga abin da za ku saki a wata kaza, a rubuta, a sa hannu, a sanar da manoma. Wannan ciniki ne da kowa zai tashi da riba. Me ya hana a yi shi fiye da shekara 30 bayan Maiduguri?

Na uku, Komadugu-Yobe.

Wannan shi ne babba, kuma a nan nauyin da ke kanmu ya fi yawa, domin kusan duk ruwansa daga ƙasarmu yake fitowa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992. Su ke shayar da birnin Kano, Tiga kuma ke ciyar da gandun Kadawa. Babu mai hankalin da zai ce a rushe su. Amma sun sauya halin kogin Haɗejiya. Da can ruwa kan zo da ƙarfi da damina, ya share hanyarsa, ya malale fadamun Haɗejiya da Nguru, da rani kuma ya ɗauke ƙasa ta bushe. Yanzu ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa, sai kacala ta samu gida. Wanda bai taɓa ganin kacala ba zai ɗauka ciyawa ce kawai. Ta fi tsayin mutum, saiwarta a sarƙe, kwale-kwale ba ya ratsa ta, koma ba ta shiga cikinta, kuma a cikinta jan-baki ke kwana, da asuba su tashi dubbai su sauka a kan shinkafa da gero. Ta toshe tsoffin hanyoyin ruwa, laka ta taru, sai ruwan ya karkata wajen Marma da Nguru yana cinye gonaki da gidaje, yayin da hanyar da ke kai shi Gashuwa take samun kaɗan.

Sakamakon haka, yawancin ruwan da ke isa Gashuwa da Gaidam, har ya kai inda kogin ya zama iyaka tsakaninmu da jihar Diffa, daga kogin Jama'are yake zuwa, wanda har yanzu ba a datse ba. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi, hankalin mutanen Yobe da Borno ke tashi. Mutanen Diffa kuwa, da ke ƙarshen layi, sun fi kowa dalilin fargaba. Da wannan ruwa suke noman tattasan da ya zama arzikin ƙasar Manga, wanda ake shanyawa a cika buhuna a tsallako da shi kasuwanninmu. Miyar gidajen Maiduguri da Kano ta san tattasan Diffa. Rikicin Boko Haram ya riga ya tarwatsa garuruwan bakin kogin, daga Damasak zuwa Malam Fatori da Bosso. Idan mutane za su koma gida su zauna, ruwan nan ne zai zaunar da su.

A 2006 gwamnonin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da wannan kwari. Aiki ne mai kyau, ya kuma nuna jihohi shida za su iya zama a kan tabarma ɗaya saboda kogi. Amma kogin bai tsaya a jihohi shida ba. Mai shan ruwa na bakwai yana tsallake, kuma shi ne ke karɓar saura, ko fari ne ko ambaliya.

Na huɗu, gargaɗin ambaliya.

Ranka ya daɗe, mu 'yan Najeriya mun san zafin zama a ƙasan madatsar wani. A 2012 ambaliya ta kashe mutum sama da 360, ta raba fiye da miliyan 2 da muhallansu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A duka biyun sunan madatsar Lagdo ta Kamaru bai bar bakin mutane ba. Mun dage sai Kamaru ta riƙa sanar da mu kafin ta buɗe ƙofofi, kuma dagewar ta yi amfani. A watan Agusta na 2023 hukumomin Kamaru sun aiko da takarda, aka yaɗa ta a rediyo da jaridu, jihohin bakin Binuwai suka shiga shiri. Abin da muka nema daga Kamaru haƙƙinmu ne. To shi ne kuma haƙƙin Nijar a kanmu game da Jibiya da Tiga da Calawa, kamar yadda yake haƙƙinmu a kanta game da Majiya da kogin Kwara.

A cikin garuruwanmu, wanda indararon gidansa ke zuba a tsakar gidan maƙwabci ba ya jiran hadari ya haɗu kafin ya je su yi magana. Tun da bazara ake zama a san ta inda ruwa zai bi. Gwamnatoci biyu bai kamata su gaza abin da masu gida biyu ke yi ba.

A watan Yulin 2018 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Jibiya da dare, ya kashe mutum sama da 40. Wasu gawarwakin a cikin ƙasar Nijar aka tsamo su, 'yan'uwanmu na can suka taya nema. A 2019 Komadugu ta cika ta tumbatsa, ta kori dubban mutane daga gidajensu a Diffa, cikinsu har da 'yan gudun hijirar da suka tsere daga Borno. A 2024 jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna a Nijar, a watan Satumba na shekarar kuma madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri. Ruwan Komadugu yakan ɗauki makonni kafin ya taso daga ƙasar Kano da Bauchi ya isa Diffa. Makonni, ranka ya daɗe. Lokaci ne da ya isa a kwashe tsofaffi da yara, a ɗauke hatsi daga rumbu, a janye injuna daga bakin kogi. Abin da ake buƙata bai wuce sandar awo mai lambobi a jikin gada ba, da ma'aikacin da ake biya albashi ya duba ta safe da yamma, da waya, da lambar takwaransa na tsallake. Muna da hukumar kula da yanayin koguna da ke fitar da hasashen ambaliya duk shekara. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa tun 1974. Ilimin yana nan, masanan suna nan. Ƙasar da ke shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ba za ta ce sandar awo ta fi ƙarfinta ba.

Na biyar, siyasa da ruwa.

Na san abin da za a ce: zamani ya sauya. Gaskiya ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris, amma tabon bai warke ba. Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Ba hurumina ba ne in ce wane ne da gaskiya. Abin da ya shafe ka a ciki shi ne wannan: wutar nan tana da alaƙa da ruwa. Tun bayan gina madatsar Kainji a 1968, jami'anmu da kansu sun sha bayyana cewa muna ba Nijar wuta ne don kada ta ga dole sai ta datse Kwara a samanmu. Ranar da aka yanke wutar, duk wani ɗan Nijar da ke cewa a gaggauta madatsar Kandaji a jihar Tillaberi ya sami hujjar da ba ta buƙatar dogon bayani. Kandaji haƙƙinsu ce, kuma idan an tafiyar da ita cikin shawara za ta iya daidaita gudun kogin da rani. Idan kuwa aka tafiyar da ita cikin fushi, Kainji da Jebba da manoman shinkafar Kebbi ne za su fara ji a jikinsu.

Akwai darasi kusa da mu. Senegal da Mali da Muritaniya sun kafa hukumar kogin Senegal a 1972, suka gina madatsun Diyama da Manantali a matsayin dukiyar tarayya. A 1989 rikici ya ɓarke tsakanin Senegal da Muritaniya, aka zubar da jini, aka kori dubban mutane, aka yanke hulɗar jakadanci. Duk da haka hukumar kogin ba ta mutu ba, ta zama ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin da suka rage a buɗe tsakaninsu. Abin da ke tsakaninmu da Nijar bai kai nan ba. Kuma Nijar ba ta fita daga Hukumar Kogin Kwara mai hedikwata a Yamai ba, ba ta fita daga Hukumar Tafkin Chadi da muka kafa tare a 1964 ba. Najeriya da Nijar duk sun shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan da ƙasashe ke tarayya a kai. A watan Afrilun 2025 ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu sun gana a Yamai, suka yi maganar farfaɗo da Hukumar Haɗin Gwiwa. Ƙofa a buɗe take. Maganar tsaro tana da wuya, maganar ECOWAS tana da wuya. Maganar awon ruwa ita ce mafi sauƙi, kuma kai ne mai ita.

Na shida, daji da ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Na san daji yana hannun takwaranka na muhalli, don haka zan taƙaita. Amma madatsa da yashi take mutuwa, yashi kuma daga ƙasar da aka sare wa itatuwa yake gangarowa. Dajin Rugu a wajenmu da na Baban Rafi a wajensu, masu gawayi sun ci rabonsu, 'yan bindiga sun mamaye saura. A nan muna da abin koyo a wurin maƙwabta. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: idan kututture ya yi toho a gona ba a sare shi, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Da haka gawo da kalgo da sabara suka dawo a fili kimanin hekta miliyan 5, ba tare da gandun raino ba. Mai tafiya daga Katsina zuwa Maraɗi yana ganin bambancin da idonsa. Haka kuma ruwan da ke ƙarƙashin Sakkwato da Kebbi shi ne ke ƙarƙashin Doso da Tawa. Yanzu da famfon sola ya yi araha kowa na haƙa burtsatse, ba tare da wani lissafi na tarayya kan abin da ake zuƙa ba. Ruwan ƙasa ba ya ƙara idan zai ƙare, sai dai a wayi gari rijiyoyi sun ƙafe.

Mai girma Minista, bisa waɗannan dalilai ina roƙonka abubuwa kamar haka.

1. Ka nemi a kira zaman kwamitin masana ruwa da yarjejeniyar Maiduguri ta tanada, kafin damina mai zuwa. A yi shi a Katsina ko Maraɗi ko Ƙonni, kusa da kogunan da ake magana a kansu, a kuma sanar da jama'a abin da aka cim ma.

2. A fitar da jadawalin sakin ruwa na Jibiya da Tiga da Calawa a rubuce, a aika wa hukumomin Nijar, a nemi irinsa daga gare su game da Mozage da Zango. Mu fara, domin wanda ya fara miƙa hannu shi ke da bakin tambaya.

3. A gyara tashoshin awon ruwa a kan kogunan huɗu, a haɗa ma'aikatan ɓangarorin biyu da waya kai tsaye, ta yadda gargaɗin ambaliya ba zai jira takardar jakadanci ba. A riƙa karanta shi da Hausa da Kanuri da Fulatanci a gidajen rediyon da ake saurare a tsallaken iyaka biyu.

4. A farfaɗo da noman rani na Jibiya, ko da da wutar sola ne, ruwan da ya wuce buƙata kuma a sake shi a lokacin da zai jiƙa fadamun Gulbi har ya kai Rima.

5. A mayar da sharar kacala da yashe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru aikin kowace shekara mai kasafinsa, tare da gwada sakin ruwa mai ƙarfi da damina da ɗauke shi na wani lokaci da rani, kamar yadda masana suka daɗe suna ba da shawara.

6. Kada a ɗauki wani mataki kan Kafin Zaki sai an saurari Jigawa da Yobe da Borno da Diffa. A kuma ba jihar Diffa kujera, ko ta 'yan kallo ce, a tarukan kwarin Komadugu-Yobe.

7. A sa sarakunan gargajiya da sarakunan ruwa da shugabannin manoma da makiyaya da mata masu garake cikin waɗannan zama. Masarautun Katsina da Maraɗi, da na Gobir ta Sabon Birni da ta Tibiri, ba su taɓa daina gaisawa ba, ko a lokacin da aka rufe iyaka. Zumunta a ƙafa take, kuma su ba su daina takawa ba.

8. A fassara yarjejeniyar Maiduguri da Hausa da Kanuri a raba, don wanda aka yi ta dominsa ya san abin da ta ba shi da abin da ta ɗora masa.

Ranka ya daɗe, babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar hukuma ko bashin ƙasar waje. Yawancinsu umarni ne daga teburinka, da wasiƙa zuwa ga takwaranka na Yamai, da ɗan kasafin da bai kai na kilomita kaɗan na kwalta ba. Ba kai ka gina Jibiya ba, ba kai ka rufe iyaka ba, kuma ba a kanka aka fara sakaci da yarjejeniyar nan ba. Amma yau kai ne a kan kujerar, kuma a hannunka ake neman gyara. Ina roƙonka ka ba da amsa a fili kamar yadda aka yi tambaya a fili, ko da a ce ga abin da zai yiwu bana, ga wanda sai baɗi.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Najeriya da Nijar lafiya.



Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa daga bakin iyaka,
Jihar Katsina.